Angurya a Kiwon Shanu: Tarihinta, Amfaninta da Illarta

Angurya ita ce ƙwayar da ke cikin auduga, wadda ake rabawa da farin gashin kafin a yi kaɗi. A nauyin audugar da aka tsinko daga gona, kusan kashi biyu bisa uku angurya ce, kashi ɗaya kaɗai ke zama zare. Saboda haka duk ƙasar da ta ƙarfafa noman auduga sai ta wayi gari da tulin angurya fiye da abin da take bukata na iri. Yadda wannan rarar ta zama abincin da masu kiwo ke saye da tsada tarihi ne da ya haɗa gidajen gurza na Zariya da Funtuwa, da tashoshin bincike na Shika da Samaru, da kuma gwaje-gwajen da aka yi a Amurka kafin a gane gubar da ke cikinta da bitamin ɗin da ta rasa.

Kafin zuwan injin gurza

Noman auduga daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Ƙasashen Zazzau da Kano da Katsina da Zamfara sun shahara da shi, kuma a kansa sana'o'in kaɗi da saƙa da rini suka tsaya. Lokacin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a can suna kaiwa har Tambutu da garuruwan hamada. Duk zaren da ake wannan aiki da shi a hannu ake fitar da shi. Mata ke ɗora auduga a kan dutse mai laushin fuska, su murza ta da siririn ƙarfe har ƙwayar ta fita, sannan a yi shiɓa, a kaɗa da mazari.

Da yake gurzar ta cikin gida ce, angurya kaɗan-kaɗan take taruwa. Manomi yakan ware ta shuka, abin da ya rage a zuba wa tumaki da awaki ko san da aka turke. Ba a ba dabba ita zalla, domin ba ta da yawan da za a yi haka. Cakuɗa ta ake yi da dusa da kowar wake, a bi da harawa, a jiƙa kanwa a ruwan sha. Wannan haɗin ya kare dabbobin gida daga illolin da aka gani daga baya a wuraren da aka mai da angurya babban abinci.

Garkunan Fulani kuwa ba su dogara da ita ba. Maganin rani a wurinsu tafiya ce: bin gonaki bayan girbi don cin kara da karmami, gangarawa fadamu da bakin manyan koguna, da sassabo ganyen itatuwa idan ciyawa ta ƙare. Abin da makiyayi ke saye da kuɗinsa shi ne kanwa da gishiri.

Injin gurza da jirgin ƙasa

Al'amarin ya sauya da zuwan Turawan mulkin mallaka. A 1902 masu masaƙun Lankasha suka kafa ƙungiyar BCGA a birnin Mancesta na Ingila, domin su sami auduga daga ƙasashen da ke ƙarƙashin Birtaniya su rage dogara da ta Amurka. Begen samun audugar Arewa yana cikin manyan dalilan shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano a 1911. Manoman Kano dai gyaɗa suka rungumi nomawa, amma ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da gabashin Sakkwato sun karɓi auduga. An kafa gidan gurza a Zariya, aka shigo da irin Amurka mai dogon gashi da ake kira Allen a 1912, wanda a hankali ya ture irin gargajiya daga kasuwar fitarwa. Da hanyar jirgi ta miƙa daga Zariya ta bi Funtuwa da Gusau ta kai Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, gidajen gurza suka bi ta. Daga baya aka samu wasu a Malumfashi da Kwantagora da Gombe da Kumo. Har yau akwai unguwanni a Funtuwa da Gombe da ake kira da sunan BCGA.

Injin ya tattara angurya wuri ɗaya da yawan da ba a taɓa gani ba. Wani kaso akan mayar wa manoma kyauta a matsayin iri, wani a yi jigilarsa zuwa Ingila inda ake matse mai a ba shanun can ƙulin. A wasu gidajen gurza kuma ƙona ta ake yi ta zama makamashin injuna, domin kuɗin jigilarta ya fi kuɗinta. A wancan zamani ta fi kowane abinci mai ƙarfi arha a yankunan auduga.

Shanun huɗa

Masu fara cin moriyar wannan arhar su ne shanun noma. Ma'aikatar gona ta kafa tasharta a Samaru a 1922, ta buɗe gonar kiwo a Shika a 1928. A wannan shekara ce kuma aka fara shirin haɗa noma da kiwo, wanda daraktan aikin gona O. T. Faulkner ya tsaya wa. Tsarin shi ne En'e ta ba manomi rancen bijimai biyu da garma, shi kuma ya riƙe su a gida duk shekara, ya yi huɗa da su, ya kai takinsu gona.

Nan take matsalar ciyarwa ta bayyana. Aikin huɗa yana zuwa ne da faɗuwar ruwan farko, daidai lokacin da shanu suka fi ramewa bayan wata shida ko bakwai na rani. Bijimin da ya fito daga bazara ƙashi da fata ba ya jan garma. Malaman gona suka riƙa horon manoma su tanadi harawa da ingirici, su ƙara da angurya ko tunkuzar gyaɗa a watannin ƙarshen rani. Ta wannan hanya angurya ta shiga lissafin manomin Arewa a matsayin abin da ake awo ana bai wa dabba kullum, kuma gwaje-gwajen Shika a kan farfarun shanu irin Bunaji da kuma Gudali suka tabbatar da amfaninta.

Abin da take yi a tumbin saniya

Saniya ba ita ke narkar da ciyawa da kanta ba. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu rayuwa a tumbinta, suke farfasa ciyawar su mai da ita abin da jiki zai sha. Su ma suna bukatar furotin, kuma idan ya yi ƙasa da kusan kashi 7 cikin ɗari na abincin, aikinsu yakan ja baya. Ɗanyar ciyawar farkon damina ta wuce wannan mizani, amma busasshiyar ciyawar rani takan sauka zuwa kashi 2 zuwa 4. Sai abinci ya daɗe a tumbi bai narke ba, saniya ta rage ci ko da ciyawar na gabanta, nono ya ja, jiki ya zube, ta kasa ɗaukar ciki a kan lokaci.

Angurya ɗungurungum tana da furotin kusan kashi 22 cikin ɗari da mai kusan kashi 18 zuwa 20, ga kuma ɓawo da guntun gashin da ke taimaka wa tuƙa. Ƙulin da ke saura bayan an matse mai yakan kai kashi 40 ko fiye idan an cire ɓawon kafin matsa, wanda ba a cire wa ba kuwa bai kai haka ba. Kilo ɗaya a rana ya isa ya farfaɗo da halittun tumbi, saniya ta koma cin kara da busasshiyar ciyawa da yawa kuma ta amfana da su. Ke nan ribar angurya biyu ce: abin da ke cikinta, da kuma buɗe hanyar cin moriyar abinci maras ƙarfi da ke ko'ina. Tana kuma da sinadarin fosfaras, wanda ƙarancinsa a ciyawar rani ke sa shanu tauna ƙashi da tsumma.

Yawan man da ke cikinta shi ne iyakarta ta farko. Idan mai ya haura kusan kashi 6 cikin ɗari na dukan abin da dabba ke ci, yakan danne halittun da ke narkar da ciyawa, ya kawo zawo da rashin ci.

Gano gubar

An fi sanin illar angurya a kudancin Amurka, inda aka fara ciyar da ita da yawan gaske. Da farko shara ce a can, har jihar Misisifi ta yi doka a 1857 ta hana masu gidajen gurza zubar da ita a koguna. Bayan yaƙin basasar ƙasar masana'antun matse mai suka yawaita, ƙulin ya zama abincin dabbobi mai arha. Ba a jima ba manoma suka lura aladu da 'yan maruƙa suna mutuwa bayan makonni suna cinsa, alhali manyan shanu suna ƙiba.

Wanda ya tsaga ƙwayar angurya zai ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a cikinta. A cikinsu akwai wani sinadari rawaya da shukar ke kare kanta da shi daga ƙwari. Wani masani mai suna Longmore ya fara ware shi a 1886, Marchlewski ya tace shi ya sa masa suna gosifol a 1899. A 1915 Withers da Carruth, a tashar binciken gona ta jihar Karolina ta Arewa, suka nuna cewa shi ne gubar.

Gosifol ba ya kisa nan take. Taruwa yake yi a jiki, ya raunana tsokar zuciya, ya taɓa hanta, ya sa jajayen ƙwayoyin jini saurin fashewa. Dabbar takan rage ci, ta riƙa haki, wani lokaci fitsarinta ya yi ja, wani lokaci kuma a tarar da ita a mace ba tare da wata alama ba. Idan aka feɗe ta akan ga ruwa ya cika ƙirji da ciki, zuciya ta kumbura ta yi laushi. Ba shi da makari. Abin yi kawai shi ne a janye abincin, a bar dabbar ta huta.

Dalilin da ya sa babbar saniya ke jurewa shi ne tumbi. A cikinsa gosifol yakan manne da furotin, ya wuce ta hanji bai shiga jini ba. Ɗan maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba ba shi da wannan kariya, haka nan ɗan rago da ɗan akuya, balle kaji da aladu. Ita ma babbar saniya kariyarta tana da iyaka: idan abin ya yi yawa, ko aka niƙa anguryar ta yi laushi har ta riƙa wuce tumbi da sauri, gubar takan tsallake.

Hanyar matse man ma tana da tasiri. Injin da ke dafa ƙwayar ya matse ta da ƙarfi yana sa zafi ya ɗaure yawancin gosifol, ƙulin ya fito da saura kaɗan mai cutarwa. Wanda ake tsotse mansa da sinadari kai tsaye ba tare da zafi mai yawa ba ya fi riƙe gubar. Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa gosifol maras ɗauri kada ya wuce miligiram 500 a kowane kilo na haɗaɗɗen abincin manyan shanu, na maruƙa kuma miligiram 100.

Illarsa ga haihuwa a kan mutane aka fara gane ta. A wasu ƙauyukan Sin an danganta ƙarancin haihuwa da cin ɗanyen man angurya da ba a tace ba, har aka gwada gosifol a kan dubban maza a shekarun 1970 a matsayin maganin hana haihuwa. An watsar da shi saboda yana rage sinadarin fotasiyam a jini, kuma wasu ba su dawo da haihuwa ba bayan sun daina sha. Daga nan aka duba bijimai, aka ga yana ɓata halittar maniyyi ya rage masa motsi, musamman a matasan da ke gab da balaga. A shanu illar takan gushe bayan makonni da janye abincin.

Makantar da ba ta gubar ba ce

Gano gosifol bai warware komai ba. A wuraren turka na kudancin Amurka, manyan shanun da aka tsare wata uku ko huɗu a kan ƙulin angurya da ɓawonta kaɗai sukan makance, ƙafafu da ƙirji su kumbura, su riƙa tangaɗi suna faɗuwa. Shekaru da dama ana ɗora laifin a kan guba.

Amsar ta fito daga wani bincike dabam. Daga 1907 zuwa 1911 masana a jami'ar Wiskonsin sun raba karsana 16 gida huɗu: wasu aka ciyar da su da masara kaɗai, ƙwaya da kara da ganye, wasu alkama kaɗai, wasu hatsin ot, sauran kuma haɗin ukun. A lissafin masana na lokacin, abincin duka ɗaya ne a ƙarfi. Amma masu cin masara suka haifi lafiyayyun maruƙa, masu cin alkama suka haifi matattu ko raunana. Wannan ya nuna akwai wani abu ɗan kaɗan a abinci da ba a san shi ba. A 1913 McCollum da Davis a wannan jami'a, da Osborne da Mendel a jami'ar Yel, suka gano shi a man shanu da gwaiduwar ƙwai da man hantar kifi, shi ne aka sa wa suna bitamin A. Zuwa 1930 Thomas Moore a Ingila ya nuna cewa jiki yana ƙera shi daga karotin, sinadarin da ke cikin ɗanyen ganye. A shekarar ce kuma Halverson da Sherwood a Karolina ta Arewa suka wallafa cewa yawancin abin da ake kira gubar ƙulin angurya a manyan shanu rashin bitamin A ne. Angurya ba ta da karotin, ɓawonta ma haka. Da aka ƙara wa shanun koren ingirici ko man hantar kifi, cutar ta kau.

Wannan darasi ya shafi ƙasashen da ke da dogon rani kai tsaye. Saniya tana tara bitamin A a hanta da damina, ajiyar takan ɗauke ta wata biyu zuwa huɗu. Karotin kuwa rana da iska suna lalata shi, ciyawar da ta bushe a tsaye ta yi fari ba ta da kusan komai. Alamar farko ita ce dundumi: da magariba dabba takan riƙa karo da turke da 'yan'uwanta. Sai hawaye, gashi ya tashi, zawo da ciwon huhu su yawaita domin fatar cikin hanji da ta hanyar numfashi ta yi rauni. Mai ciki takan yi ɓari, ko mabiyiya ta maƙale, ko ta haifi maraƙi makaho. Maraƙi da ɗan bitamin A da bai taka kara ya karya ba ake haifarsa, daga dakashi yake samun rabonsa, don haka rashin da ke jikin uwa yana gangarowa kansa.

Shanun da ke yawo a daji sun fi samun sauƙi, saboda suna cin ganyen gawo, wanda ke yin kore da rani, da na kawo da maɗaci da madobiya da makiyaya ke sassabo musu, da ɗanyar ciyawar fadama. Wanda ke cikin haɗari shi ne na turke da aka tsare watanni a kan angurya da dusa da kara. Harawar gyaɗa ko ta wake da aka shanya ta bushe da korenta, aka adana a inuwa, tana toshe wannan giɓi gwargwado, kuma wannan ne amfanin tsohon haɗin da ake yi a gidaje.

Bitamin na kwalba

A 1947 Otto Isler na kamfanin Roche a Suwizalan ya gano yadda za a haɗa bitamin A a masana'anta. Daga nan ya yi arha, ya shiga abincin dabbobi da allurai. Ƙididdigar da ake aiki da ita a Amurka ta nuna saniya mai ciki tana bukatar bitamin A mai ma'aunin IU 2,800 a kowane kilo na busasshen abinci, mai shayarwa 3,900, san turka 2,200. Allura ɗaya ta haɗin bitamin A da D da E takan cika hanta na tsawon makonni, kuma ta fi amfani a ƙarshen rani da kuma kafin haihuwa.

Bitamin E, wanda Evans da Bishop suka gano a 1922, shi ma a ɗanyen ganye ya fi yawa. Aikinsa kare fatar ƙwayoyin jiki ne daga lalacewa, wato daidai inda gosifol ke yin ɓarna. A ƙarshen shekarun 1990 masu bincike a jami'ar Fulorida sun ba matasan bijimai ƙulin angurya, wasu da ƙarin bitamin E mai yawa, wasu babu. Waɗanda suka samu ƙarin sun fi kyawun maniyyi, jajayen ƙwayoyin jininsu kuma sun fi ƙwari. Haka nan gishirin ƙarfe da ake zubawa a haɗin abinci yana ɗaure gosifol tun a ciki. Duka biyun rage illa suke yi, ba su mai da anguryar da ta wuce kima lafiyayya ba.

Ba kowane bitamin saniya ke bukata daga waje ba. Halittun tumbi suna haɗa mata dangin bitamin B da K, jikinta yana yin C, hasken rana yana ba ta D. Allurar bitamin B tana da amfani ga dabbar da ciwo ya hana ta ci ko ɗan maraƙi, amma ba ta ƙara wa lafiyayyen sa ƙiba, kuma ba ta maye gurbin abinci. Shi kuwa bitamin A zafi da haske suna kashe shi, kwalbar da ta daɗe a rana a rumfar kasuwa ba lalle ba ne ta ƙunshi abin da aka rubuta a jikinta.

Akwai kuma wani giɓi. Angurya da dusa duka suna da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Wannan rashin daidaito yana haifar da tsakuwa a mafitsara, ta toshe fitsarin namiji, abin da masu turka ragunan layya suka sani sarai. Harawa da garin farar ƙasa na dabbobi suna ƙara kalsiyam, gishiri da wadataccen ruwa kuma suna sa dabba yawan fitsari.

Daga hukumar ciniki zuwa kasuwa

A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga ta Nijeriya, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, noman auduga ya bunƙasa har kakar 1969/70 ta zama ɗaya daga cikin mafi albarka. A shekarun 1960 gwamnatin Arewa ta riƙa sayar wa makiyaya angurya da ƙulin gyaɗa da gishirin lasa da rangwame don su saba da ƙarin abincin rani, a daidai lokacin da ta yi dokar keɓe wuraren kiwo ta 1965. A gonar kiwo ta Mokwa an turka shanu da angurya haɗe da baƙin ruwan rake da ke saura a masana'antar sukari ta Bacita. Farin 1972 zuwa 1974, wanda ya hallaka dabbobi masu ɗimbin yawa a Nijar da arewacin Nijeriya, ya sa makiyaya da dama suka fara sayen abincin dabba da kuɗinsu.

Masana'antun matse mai da aka kafa a garuruwa irin su Funtuwa da Gusau da Gombe sun canza siffar abin: maimakon ƙwayar ɗungurungum, ƙulin ne ya fi shiga kasuwa. A 1976 gonar Shika ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga ƙarshen shekarun 1970 cibiyar kiwo ta Afirka, ILCA, ta yi aiki da Fulanin da suka zauna a Kurmin Biri da Abet a kudancin Kaduna, inda ba wa shanu masu ciki da masu shayarwa ƙulin angurya da rani ya ƙara nono ya rage mutuwar maruƙa. Da ƙulin ya yi wuyar samu, sai cibiyar ta koma ga killatattun gonakin ciyawar sitailo masu faɗin kusan hekta 4, waɗanda ke ba da furotin daga gonar makiyayi.

A 1986 gwamnatin tarayya ta rushe hukumomin ciniki a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. Rabon iri kyauta ya tsaya, iri ya gauraya, gidajen gurza suka koma hannun 'yan kasuwa. Manyan masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, manoma da yawa suka koma masara da waken suya. Angurya ta ragu a daidai lokacin da masu nemanta suka ƙaru: masu matse mai, masu turka shanu da raguna don kasuwannin kudu da Babbar Sallah, da masu kiwon madara a gefen birane.

A maƙwabta tsarin ya fi tsayawa da ƙafarsa. Kamfanin Cotontchad na Cadi da aka kafa a 1971, da Sodecoton na Kamaru da aka kafa a 1974, sun riƙe gurza da matse mai a hannu ɗaya, kuma ƙulin da ke fitowa daga Garwa da Marwa shi ne ginshiƙin shanun noma da na turka a arewacin Kamaru. A Nijar, inda noman auduga bai da yawa, angurya da dusar alkama suna cikin abin da gwamnati ke sayar wa makiyaya da rangwame a shekarun ƙarancin ciyawa.

An yi ƙoƙarin raba angurya da gubarta tun daga gona. A shekarun 1950 McMichael a Amurka ya fitar da auduga maras baƙaƙen ɗigon daga irin da ƙabilar Hopi ke nomawa, an kuma gwada irinta a Afirka ta Yamma, amma ƙwari da ɓeraye suka fi far mata. A jami'ar Texas A&M an samar da wadda ganyenta da furenta ke riƙe gosifol amma ƙwayar kusan babu, hukumomin Amurka suka amince da ita a 2018 da 2019. Ba ta yaɗu a gonaki ba tukuna.

Ƙa'idojin da aka tsaya a kansu

Abin da wannan dogon gwaji ya bari shi ne mizani. Babbar saniya ana ba ta angurya ɗungurungum kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinta a rana, wato kilo ɗaya da rabi ga mai nauyin kilo 300. Wanda aka yaye ana rage masa zuwa kusan sulusin kashi ɗaya. Maraƙin da bai kama tuƙa ba ba a ba shi, bijimin barbara kuma ana taƙaita masa, musamman watanni biyu kafin lokacin barbara. Ana farawa da kaɗan a ƙara a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu, tare da isasshen kara ko ciyawa, da harawa mai kore ko ɗanyen ganye, da gishiri da ruwa. Idan turkar za ta wuce wata biyu ko uku babu wani kore, ana ƙara bitamin A.

Ajiya ma tana cikin ƙa'idar. Anguryar da ta sha danshi takan yi funfuna mai fitar da gubar afulatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talotalo masu yawa a Ingila a 1960. Tana lalata hanta, kuma tana ratsawa cikin nonon da mutane ke sha. Saboda haka ana adana ta a busasshe a kan katako, wadda ta dunƙule ko ta canza wari a zubar. Irin shuka da aka cuɗa da maganin ƙwari ko na cuta kuwa ba abincin dabba ba ne, komai arharsa.